Ɗakin koyon gini a kan tirela: zai yi aiki a jihar Tawa?

Malama Hadiza (Tawa):
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ga wata shawara da ake so mu tattauna tun ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba. A Amurka da Turai akwai ƙananan gidaje da ake ginawa bisa tirela, mota ta ja su. Abin ya bazu sosai bayan rikicin bashin gidaje na 2008, yanzu kuma wasu makarantun gini sun mai da shi aji: ɗalibai su gina da kayan da aka kwance daga tsofaffin gine-gine, su warware, su sake haɗawa. Ana tunanin a yi irinsa don cibiyoyin koyon sana'a na jiharmu, wata guda a Illela, wata guda a Keita, sai Buza, Madawa da Konni. Awon da ke kan takarda: tsawo mita 6, faɗi mita 2.40, tsayin bango mita 2.30. Bangon na birgin ƙasa matsattse ne don yara su koyi aikin ƙasa, rufi na tol, sola a sama. Sharaɗi biyu ne: yawancin kayan su zama waɗanda aka taɓa amfani da su, kuma ranar da aka gama da ɗakin kada a kai komai juji. Ku fito da aibunsa tun yana takarda.

Injiniya Lawali (Yamai):
Wa alaikumus salam Malama. Mu fara da sikeli. Birgin da aka matsa da inji, mai awon santimita 29.5 da 14 da 9, yana da kilo 7 zuwa 7 da rabi. Murabba'in mita ɗaya na bango mai kaurin santimita 14 yana cin birgi 31, in aka haɗa da laka ta tsakani ya kai kilo 260. Kewayen ɗakinki mita 16.8 ne, sau tsayi 2.30, a cire ƙofa da tagogi, ya rage murabba'i 33. To 33 sau 260, tan 8 da rabi ke nan, bango kawai, ba daɓe ba rufi. Tirela mai aksil biyu irin wadda ƙaramar motar ɗaukar kaya ke ja, iyakarta kilo 3,500 duka da nauyin kanta, kuma shasin kaɗai zai ci 700 zuwa 800.

Ko an ce a ɗora bisa babbar tirela, matsalar ba ta ƙare ba. Ƙasa tana jure danna, ba ta jure ja da girgiza. Hanyar jan ƙasa mai kunya-kunya za ta tsattsage layin laka tun ba a yi kilomita 20 ba.

Baba Salifu magini:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Ku ƙara da wanga: sanyin ɗakin ƙasa daga kauri shi ke zuwa. Bango mai santimita 40 shi ke shanye zafin rana, ba ya sake shi ciki sai dare ya yi, lokacin kowa ya fito tsakar gida. Santimita 14 ba ya yin wanga aiki. Kuna son nauyi don sanyi, kuna son rashin nauyi don tafiya. Taura biyu ba ta taunuwa, ɗiyata.

Zainabu:
Baba, to ai akwai tsaka-tsaki. Haki ko tattakar alkama da aka tsoma cikin ruwan laka aka danna a cikin katako, nauyinsa kamar kilo 400 ne a kubik, birgi kuwa ya kusa 1,900. Ko ba komai yara za su taɓa laka.

Injiniya Lawali:
Ki yi lissafin, ƙanwata. Kaurin santimita 12 sau 400, kilo 48 a murabba'i, sau 33, tan ɗaya da kilo 600. Ya cinye fiye da rabin abin da tirelar za ta ɗauka. Ɓuntun shinkafa ya fi dacewa: kusan kilo 120 a kubik, kaurin santimita 8 bai wuce kilo 10 a murabba'i ba, kuma yana tare zafi ƙwarai. Ana samunsa tuli a wajen injinan casar shinkafa na bakin kogin Isa, Saga da Kollo da sauransu. Ga kasafin nauyi yadda nake ganinsa, a ƙiyasce:

shasi 800, ƙwarangwal na bututun ƙarfe 260, daɓen kontreplake 160, katakon waje 300, shafin ciki 140, ɓuntu na bango da na sama 470, rufin tol da ƙarafunsa 155, ƙofofi da tagogi 100, sola da batir 85. Jimla ta kusa 2,500.

Saura tan ɗaya. A cikinsa ne injin matsa birgi zai shiga, da rariya, baro, shebur, benci da rumfuna. Kuma a bar kilo 200 a banza, domin ba a taɓa gina irin wannan abu ya fito daidai da lissafin takarda ba, kullum sama yake yi.

Idan Zainabu na son laka, a yi fanni ɗaya tak na bango da ita, a rufe shi da gilashi ko raga yadda ɗalibi zai ga ciki, ya kuma ga yadda hanya ke tsaga shi. Wannan ma darasi ne.

Malama Hadiza:
Ke nan ɗakin koyon ginin ƙasa babu ƙasa a jikinsa? Me za mu gaya wa iyayen yara?

Baba Salifu magini:
Ki gaya musu ƙasa tana can inda za ku je, ba sai an yi mata dako ba. Tirela ta kai kayan aiki da malami da inuwa. Ginin ƙasa a yi shi ƙasa, a bar ma garin. Ƙasar Keita daban, ta Konni daban, wanda ya koya da wadda aka ɗauko daga Yamai bai koyi ta garinsu ba.

Alhusseini (Abalak):
Ina biye da ku tun ɗazu. Gida mai tafiya ba baƙo ba ne a jihar Tawa. Tantin fata na Azawak da bukkar tabarmi, mata ke kafawa su kwance, kuma ƙa'idarsu ɗaya ce: babu gungun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko biyu, babu abin da aka manne har abada, duk ɗauri ne. Sanda ta karye a canza ta ita kaɗai. Shi ya sa nake tambaya, me ya sa sai tirela? Ku yi bangon fanni-fanni, a loda a kamiyo ranar kasuwa, a kafa a can. Kun huta da takardun tirela, da inshora, da tayoyi huɗu da rana za ta cinye alhali wata guda suna tsaye.

Mamman Sani mai walda (Katako):
Malam Alhusseini, maganarka tana da ƙarfi, amma akwai abin da tanti ba ya yi: ba ya kulluwa. Injin birgi da batir da na'urar huda ƙarfe suna son akwati mai kwaɗo tun daren farko. Kuma duk abin da ake kwancewa ana sake ɗaurawa sau goma a shekara, ramukan bulon suna faɗaɗa, kusurwoyi su lanƙwashe wajen lodi.

Ga yadda za a ci riba biyu. A yi akwatin daban, shasin daban, a haɗa su da bulon 8 masu kaurin milimita 16. In tirela ta mutu, a ɗaga akwatin da jak huɗu a zare ta, ɗaki ya zauna bisa duwatsu. Shi kansa akwatin a yi shi fanni-fanni kamar yadda ka ce, amma sau ɗaya a shekara za a warware shi, a matsayin jarrabawar ƴan aji.

Sai gyara ga awon Malama. Fallen kontreplake santimita 122 ne da 244. A mai da tsawon ɗakin mita 6.10, fanni 5 ke nan cif, faɗi 2.44, fanni 2. Ba yanka, ba ɓarna. Da katakon waje da kan bulon ba zai wuce mita 2.55 ba, wanda shi ne iyakar faɗin da dokar hanya ta ƙasashen UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa) ta yarda da shi. Indararo da hannun ƙofa su ne ke sa mutane su wuce iyaka ba su sani ba.

Zainabu:
Yaya Mamman, ƙarfen duka tsoho za a sa?

Mamman Sani mai walda:
A'a. Shasi, aksil, birki da kan da ake maƙalawa ga mota, sabbi. Nan ba a rowa, rayukan mutane ne a kan hanya. Shasin da bututu mai kusurwa huɗu 120 da 60, kaurin milimita 4, kuma shi walda ake yi masa, ba bulon ba. Ƙwarangwal na sama shi ne zai iya zama tsoho: bututu 40 da 40 mai kaurin milimita 2, mitansa kilo 2.3. A kasuwar Katako ta Yamai ana samun na tsofaffin rumfuna da gadaje da ƙofofi. Yadda ake zaɓe: a kankare fenti a auna kaurin da ya rage, a buga da guduma. Mai lafiya yana ƙara, wanda tsatsa ta ci daga ciki sai ya yi bum ya lotsa. Ƙarshen da ya taɓa zama cikin ƙasa ko siminti a yanke santimita 20 a yar wa masu narka.

Kowane fanni a yi masa walda a matsayin firam ɗaya, sannan fanni da fanni a ɗaure da bulon na milimita 10, mai lamba 8.8 a kansa, rami milimita 11. Kuskuren da aka fi yi: a zura bulon ta cikin bututu maras komai a ciki a ɗaure, bututun ya matse, bayan tafiya ɗaya ya yi sako-sako. Sai an sa guntun bututu a cikin ramin, ko a yi wa firam kunne na ƙarfe mai kaurin milimita 4. Noti mai roba a ciki, domin girgiza tana kwance na banza. Bayan kilomita 50 na farko a tsaya a bi su duka da sifana.

Abu biyu kada a bar yara su yi. Kada su yanka tsohuwar ganga da wuta sai an cika ta da ruwa, tururin mai da ya rage a ciki yana fashewa. Kada su yi waldar ƙarfe mai ruwan tutiya a rufaffen wuri, farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Abdu kafinta:
Katakon waje daga falet za a samu, waɗanda ake ɗora kaya a kansu a kantuna da tashar kaya. A duba tambarin da aka ƙona a jiki. HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, ba laifi. MB yana nufin da iskar guba aka yi, a bar shi. Wanda mai ko taki ko maganin ƙwari ya zube masa shi ma a bar shi. Wajen kwancewa, in aka sa ƙarfen ɓamɓara rabin allunan tsagewa suke. Gara a zura zarton ƙarfe tsakanin allo da gungume a yanke ƙusoshin, sannan a fitar da kawunan ta baya da ɗan ƙarfe. A jera allunan a kwance, na sama ya hau na ƙasa da santimita 2, a bar tazarar santimita 2 a bayansu don iska ta bi. Sukuru, ba ƙusa ba, kuma ba gam.

Batun ɓuntu, akwai abin da Injiniya bai faɗa ba. Yana zama. Kowace tafiya girgiza za ta sauke shi, sama ta zama fanko, nan kuwa zafi ya fi shiga. A raba cikin bango da katako a kwance kowane santimita 60, kowane gida da ɗan murfinsa na ƙarawa. A tankaɗe shi tukuna a fitar da dusa da tsakin shinkafa, su ne ke jawo ƙwari da ɓeraye, ɓuntun kansa ba abinci ba ne. A barbaɗa masa ɗan garin farar ƙasa, a toshe duk wata kafa da ragar ƙarfe mai ido milimita 6.

Alhusseini:
Gara fa? A shafa baƙin mai kamar yadda kowa ke yi?

Abdu kafinta:
Yana korar gara, ban musa ba. Amma katakon da ya sha baƙin mai ya tashi daga aiki: ba a sa shi cikin ɗaki, ba a hura wuta da shi a dafa abinci, ba ya zama taki. Sharaɗin Malama na biyu ya karye ke nan. Kuma cikin bazara warinsa ba ya barin mutum ya zauna. Garin boraks ya fi: kilo 1 cikin lita 10 na ruwan zafi, a jiƙa allunan kwana ɗaya ko biyu, a shanya a inuwa. Aibunsa ruwan sama yana wanke shi, don haka na waje sai an bi shi da mai ko fenti. Amma babban magani shi ne kada katako ya taɓa ƙasa. Ɗakin yana ɗage daga ƙasa da santimita 60, hanyar gara ita ce ƙafafun jak, matakala da sandunan rumfa. A ɗora kowanne bisa dutse, a sa yaro ɗaya ya zagaya kowace Asabar yana karya hanyoyin laka da take ginawa.

Ramatu (aikin sola):
Tun da an zo ga ɓuntu da zana da katako, a yi maganar wuta. Ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilu 2021 ba, yara kimanin 20, da ta Maraɗi cikin Nuwamba na shekarar. Ƙofa biyu, ɗaya a kowane gefe, duk masu buɗewa waje. Tagogi ba sandunan ƙarfe na dindindin, a yi musu murfi mai sakata ta ciki. Tukunyar kashe wuta ta hoda mai kilo 6 a bakin kowace ƙofa. Walda da injin gurza ƙarfe aƙalla mita 10 daga rumfa, ta inda iska ba za ta kawo tartsatsi ba.

Lissafin wutar: fanka 3 masu wat 30, awa 8, 720. Kwamfuta da majigi awa 3, kamar 480. Fitilu 130. Cajin batiran kayan aiki 400. Jimla kusan wat-awa 1,700 a yini, wato wat sau awa. Faifan sola 2 masu wat 400 sun isa. A takarda za su ba da sama da 4,000, amma faifai yana asarar kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25, kuma a watan Afrilu jikinsa yana kai 65 zuwa 70. Ga ƙura. A sa ran 3,000. Batir na litiyom mai ƙarfe da fosfat, bolt 24, amfiya-awa 100, nauyinsa kusan kilo 25. Na dalma ya fi araha amma kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu, ga nauyi ninki uku. Akwatin batir a waje, ƙarƙashin daɓe ta gefen inuwa, da fiyus kusa da kan batir. Wayoyi duka cikin bututu bisa fuskar bango, kada ko ɗaya ta ratsa cikin ɓuntu. Kuma kada wani ya jona injin walda a wannan wuta, ba za ta ɗauka ba.

Malama Hadiza:
Har yanzu ba a amsa mini zafi ba. Akwatin ƙarfe da katako a Tawa cikin Mayu, digiri 44 a inuwa.

Injiniya Lawali:
Ba zai fi inuwar waje sanyi ba, kada mu ruɗi kanmu. Abin da ake nema shi ne kada ya fi ta zafi. Rufi biyu: na ciki mai ɓuntu, sai tazarar santimita 40 a buɗe ta kowane gefe, sai tol fari a sama. Dabarar da Francis Kéré ya yi ke nan a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001, tol ya zama laima kawai, iska ta kwashe zafinsa. Tsayin duka zai kai mita 3.60, a tsaya ƙasa da 4 saboda wayoyin lantarki da rassan dogon yaro na cikin gari.

A ajiye shi tsawonsa gabas da yamma. Tawa tana kusan digiri 15 arewa, daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi, don haka bangon arewa ma yana son rumfa, ba na kudu kaɗai ba. Rumfa biyu masu naɗewa, mita 6 da 2.50 kowace. Nan ne ajin yake. Cikin ɗakin murabba'i 14 ne, da kaya ba zai ɗauki fiye da mutum 8 ba.

Sai iska. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa. Iska mai gudun kilomita 108 a awa tana danna kilo 56 a murabba'i. Gefen ɗakin murabba'i 17 ne, da ƙarin da siffar akwati ke jawowa, tan ɗaya da ɗoriya, a tsayin mita 2 daga ƙasa. Abin da ke riƙe shi nauyinsa ne, tan 3, bisa rabin tazarar tayoyi, mita 1. Ƙarfin turin iska da na riƙon nauyi sun yi kusa da juna ƙwarai, ga rufi na neman tashi sama. Ƙusar ƙasa 4 masu tsawon mita 1 da igiyar ɗaure kaya a kowace kusurwa, tun ranar isowa. Kan ɗakin ya fuskanci gabas, a naɗe rumfuna da zarar gabas ta yi ja.

Mamman Sani mai walda:
Wajen lodi ma: injin birgi bisa aksil ko ɗan gaba kaɗan, a ɗaure shi da bulon a daɓe. Kan tirela ya danna mota da kilo 200 zuwa 250. In nauyi ya koma baya, tirela ta fara wutsiya, ita ke juya mota. A auna ta a sikelin manyan motoci kafin tafiyar farko. Taya kuma a duba lamba huɗu ta ƙarshe a jikinta, mako da shekarar ƙira ne. Wadda ta haura shekara 6 a bar ta ko da zanenta sabo ne. In an isa, a ɗaga bisa jak, a rufe tayoyi da buhu.

Zainabu:
Mu koma ga abin da za a bar wa gari. A ce ɗakin ajiya mita 3 da 3. Da bango mai kaurin santimita 29.5 birgi 62 ne a murabba'i, kusan 1,900 duka. Ƙwararru 5 ko 6 da injin hannu suna fitar da 400 zuwa 600 a yini, ƴan koyo rabin haka. Kwana 8 ke nan. Amma birgi mai siminti sai ya yi mako 2 a jiƙe ƙarƙashin leda, kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa. Wata guda bai isa ba, tirela za ta tashi birgi bai nuna ba.

Malama Hadiza:
To ko dai a mai da zama mako 6, ko malami ɗaya ya riga tirela zuwa da injin.

Baba Salifu magini:
Ko a rage simintin. Mi ya sa sai kowane birgi ya sha shi? Buhu ɗaya na Malbaza, kilo 50, birgi 115 zuwa 120 shi ke yi in an sa kashi 6 cikin 100. Na 1,900 buhu 16. Kuma birgin da ya sha siminti ba ya komawa gona, ba ya sake kwaɓuwa. Ruwa ta ƙafa da ta kai shi ke kashe ginin ƙasa. Gidajen da suka faɗi Yamai a ambaliyar 2020 da ta 2024, yawanci gindinsu ya jiƙa ne. Ƙasar Ader, wato yankin Tawa, ba a rasa dutse. A haƙa santimita 50 har a tadda ƙasa mai tauri, a taso da dutse santimita 40 bisa ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan layi uku na birgi mai siminti. Daga nan sama, ƙasa zalla, ta bushe mako ɗaya ko biyu. Indararo shi fito santimita 50 daga bango.

Kuma kada su yaɓe bangon ƙasa da siminti. Ba su kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe ta ciki har ranar da yaɓen zai ɓallo gaba ɗaya. Laka da ramno da ruwan makuba, a sabunta bayan damina biyu ko uku.

Injiniya Lawali:
Na yarda da Baba, da sharaɗin a gwada ƙasar, kuma gwajin shi ne makon farko na karatu. A cire ƙasar noma ta sama. Kwalba: kashi ɗaya ƙasa, biyu ruwa, a girgiza a ajiye. Yashi ya kwanta cikin minti ɗaya, yumɓu sai ya kwana. Ana son yumɓu ya kai kamar kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Sai a mulmula laka mai kaurin santimita 3 a tura ta bakin tebur: ta karye ƙasa da santimita 5, yashi ya yi yawa, ta wuce 15, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi. Ruwan matsawa kuma a dunƙula a saki daga tsayin ƙirji. Ta watse gari, ya yi kaɗan. Ta zauna dunƙule, ya yi yawa. Ta fashe gida huɗu zuwa bakwai, daidai.

Ruwa abin lissafi ne a wasu garuruwan. Birgi 1,000 tan 7 ne na ƙasa, lita 700 zuwa 800 ya ishe su. Tubalin kwaɓi yana shan ninki biyu zuwa uku.

Alhusseini:
Ƙasar daga ina? Kada a bar wa gari kududdufi kusa da makaranta.

Baba Salifu magini:
Kangon da ya faɗi. A farfasa, a tankaɗe da rariya mai ido santimita 1. Sai dai gindin bango, inda ya yi fari da gishiri, wanga a bar shi, birginsa zubewa shi ke yi.

Zainabu:
Rufin fa? Ni da an yi tulluwa ko baka ba icce. Azara ta yi tsada, giginyar Gaya ma ana kare ta. Ginin da ba icce ya shigo Nijar tun 1980 a Cikal, akwai maginan da suka iya.

Baba Salifu magini:
Akwai, amma ba a mako 6 suka koya ba. Baka tana tura bango waje. Masu bakar Nubiya ta Burkina faɗinsu ba ya wuce mita 3.25, bangon da ke ɗauke da ita santimita 60, ba 30 ba. Yaron da ya ga an yi sau ɗaya ya tai gida ya kwaikwaya bisa siririn bango, shi ne abin tsoro. A nuna musu ƙaramar baka mai faɗin mita 1, su hau kanta, su zare madogarar gefe su ga yadda take buɗewa. Rufin gaske sai da magini tsaye. Kuma a kai su Yama su ga masallacin Alhaji Falke Barmu, da aka fara 1962 ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan 1986. A kai su Dandaji su ga tsohon masallacin da aka mai da ɗakin karatu, da sabon da Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta suka yi da birgi matsattse. Duk cikin jiharku ne.

Ramatu:
Littafin kaya kada a manta. Kowane fanni da lamba da aka buga da ƙarfe, ba fenti ba, rana tana cinye fenti. A littafin a rubuta inda aka samo shi, nauyinsa, da me aka ɗaure shi, abin da aka shafa masa, da inda zai tafi in an kwance. Batir da faifan sola su ma a rubuta wa za a mayar wa, su ne kaɗai ba su da mai saye a kasuwar tsofaffin kaya in sun mutu.

Mamman Sani mai walda:
Malama, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, kowace cibiya ta aiko da faɗin ƙofarta da na titin da ke gabanta. Da sandar ja, tirelar ta kusa mita 8, da mota 13. Ƙofa mai mita 3 bisa lungu mai mita 6 ba za ta shigu ba sai an kwance an tura da hannu, kuma tan 3 ba ya turuwa cikin yashi.

Malama Hadiza:
Zan tura musu saƙo yau. Abdu, falet nawa za a nema?

Abdu kafinta:
Murabba'i 33 da hawan allo kan allo, kowace falet tana ba da kamar rabin murabba'i mai kyau bayan an cire tsagaggu. A nemi 70, kuma a ɗauko masu awo iri ɗaya, in ba haka ba layin allunan ba zai haɗu a kusurwa ba.